Bayan wasan ƙarshe na Abijan: a sabunta kwantiragin Peseiro ko a sallame shi?

Malam Umaru, Mabera

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Da gangan na bari kwana uku suka wuce bayan wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da Kwaddibuwa ta ci mu 2-1 kafin in buɗe wannan magana, domin a daren Lahadin nan babu wanda ke iya auna zance a cikinmu, kuma hukuncin da aka yanke da zafin rai ba kasafai yake zama adalci ba. Yanzu ƙura ta lafa, kwantiragin kocinmu José Peseiro kuma zai ƙare a ƙarshen wannan wata na Fabrairun 2024, saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu ko ya cancanci ya ci gaba da riƙe Super Eagles.

Ra'ayina shi ne a gode masa a sallame shi cikin mutunci, kuma zan faɗi dalilina. A gidan kallon unguwarmu na kalli wasan. Lokacin da Troost-Ekong ya tashi sama ya sa ƙwallo da ka a minti na 38, bencin da ke gabana sai da ya kife, yara suka fita titi da gudu suna ihu, mai shayin bakin ƙofa ya bar tukunyarsa a kan wuta ya shigo. Amma wani dattijon tela da ke zaune kusa da ni bai motsa ba. Tun kusan minti na 20 yake nuna gefen dama na bayanmu da yatsa yana cewa yaron nan na Kwaddibuwa, Adingra, ta nan zai kashe mu, domin duk lokacin da ya karɓi ƙwallo sai ya tarar da Ola Aina shi kaɗai babu mai agaza masa. Aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da ci ɗaya, aka dawo ba a gyara komai a wannan gefe ba. A minti na 62 Adingra ya bugo kwana Kessié ya farke, a minti na 81 Adingra ya sake wucewa ta wannan gefen ya turo wa Haller ya taɓa ta shiga. Abin da tela ya gani daga Mabera a allon talabijin, mutumin da ke tsaye a bakin fili, wanda ake biyansa domin ya gani, ko dai bai gan shi ba, ko kuwa ya gani ba shi da maganinsa. Kowanne ne daga cikin biyun, ya isa dalili.

Aminu, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, ina ganin an yi wa mutumin nan rowar yabo. Mu tuna halin da muke ciki a farkon watan Janairu. Ndidi ya ji rauni kafin a fara gasa, Boniface ma haka, babu wanda ya yarda da mai tsaron gidanmu, kuma a wannan zauren akwai waɗanda suka ce ko zagaye na biyu ba za mu wuce ba. Muka yi kunnen doki 1-1 da Ikwatoriyal Gini a wasan farko, kowa ya ce ga irinta nan. Daga nan sai ya sauya tsari, ya sa 'yan baya uku a tsakiya, Ajayi da Ekong da Bassey, muka yi wasa huɗu a jere ba a zura mana ko ɗaya ba: mun ci Kwaddibuwa 1-0 a gabansu, mun ci Gini Bisau 1-0, mun ci Kamaru 2-0, mun ci Angola 1-0. Rabon da Najeriya ta kai wasan ƙarshe tun 2013. Kuma shi ne ya je har Afirka ta Kudu ya duba Stanley Nwabali a Chippa United, mutumin da ya taɓa tsaron raga a Katsina United nan kusa da mu ba tare da kowa ya waiwaye shi ba, ya ba shi riga ta ɗaya, shi kuma ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Idan laifin daren Lahadi nasa ne, to alherin wasa shida da suka gabata ma nasa ne.

Malam Umaru, Mabera

Ƙanena Aminu, ban hana shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma batun Nwabali na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Abin da nake cewa shi ne dabara ɗaya ya samu ta yi masa aiki, ya riƙe ta har ranar da ta daina aiki, kuma a ranar bai da ta biyu.

Koci Nasiru, Gawon Nama

Ina neman izinin manya in ɗan tsawaita, domin wannan ne abin da nake koya wa yara kullum da yamma, kuma ina ganin a nan ne asalin maganar take.

Tsarin da Peseiro ya koma kansa, a takarda 3-4-3 ne, amma idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya yakan zama 5-4-1. 'Yan gefen nan biyu, Aina da Zaidu Sanusi, sukan koma baya su zama mutum biyar, 'yan gaban gefe su sauko, a bar Osimhen shi kaɗai yana bin 'yan baya da gudu. A tsakiyar fili kuwa mutum biyu ne kacal, Onyeka da Iwobi. Wannan tsari yana da kyau idan abokin karawarka yana jefo dogayen ƙwallaye cikin da'irarka, domin Ekong da Ajayi dogaye ne za su share su da ka. Haka aka yi da Kamaru. Yana kuma da kyau idan kana da hanyar fita da sauri idan ka ƙwace ƙwallo, kamar yadda Moses Simon ya tsere ya ba Lookman ya ci Angola.

Matsalarsa tana bayyana ne ranar da ka haɗu da masu mutum uku a tsakiya waɗanda suka iya riƙe ƙwallo a ƙasa. Afirka ta Kudu ta fara nuna mana haka a Buwake, domin yawancin 'yan wasanta daga ƙungiya ɗaya suke, Mamelodi Sundowns, sun san ƙafar juna, suka riƙa kewaya mu da gajeren bugu har muka sha da ƙyar a bugun fenareti. Wannan gargaɗi ne bayyananne kwana huɗu kafin wasan ƙarshe. Sai kocin Kwaddibuwa Emerse Faé ya zo da Seri da Kessié da Seko Fofana. Seri ya zauna a baya yana rarraba ƙwallo ba wanda ke matsa masa, domin idan Iwobi ya fita gare shi sai ya bar Kessié a bayansa, idan ya tsaya kuma Seri ya ɗaga kai ya zaɓi inda yake so. Kuma inda yake so shi ne wurin Adingra. Saboda haka abin da dattijon tela ya gani a gefe, tushensa yana tsakiya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar Litinin da yamma na gwada wa yarana wannan a filin da muke atisaye. Na shata murabba'i da toka, na sa yara uku a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen, na ce biyun su ƙwace ƙwallo. Na zaɓi mafi ƙarfi biyu da nake da su. Kafin minti biyar ɗayansu ya dafa gwiwa yana haki, bai taɓa ƙwallon ba ko sau ɗaya. Na ce musu to ku ƙaddara an ce ku yi haka minti 90, a wasa na bakwai cikin wata ɗaya. Abin da aka nemi Iwobi da Onyeka su yi ke nan.

Gyaran ba mai wuya ba ne a faɗa: a hutun rabin lokaci, muna gaba, a cire ɗan gaban gefe ɗaya a ƙara mutum na uku a tsakiya, ko a koma 'yan baya huɗu. Abin da ya yi shi ne ya cire Chukwueze ya sa Simon, wato mutum ya maye gurbin mutum, tsarin yana nan yadda yake. Alhassan Yusuf bai shigo ba sai dab da ƙwallo ta biyu, kuma shi ma Iwobi ya canza, ba ƙari aka yi ba.

Alhaji Garba, Kanwuri

Madalla da wannan bayani, Nasiru, Allah ya yi albarka. Ni ban iya lissafin tsari kamar ku ba, amma na daɗe ina kallon wannan ƙungiya, tun tana Green Eagles. Ranar 22 ga Maris 1980 a gindin rediyo muka saurari wasan da aka ci Aljeriya 3-0 a Legas, Odegbami ya ci biyu Muda Lawal ya ci ɗaya, kuma marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa tamu, shi ya miƙa wa Christian Chukwu kofin. Daga ranar zuwa yau mun kai wasan ƙarshe sau takwas, mun ɗauki kofi sau uku, mun rasa sau biyar: 1984 da 1988 da 2000 a hannun Kamaru, 1990 a hannun Aljeriya, sai wannan na bana. Don haka faɗuwa a wasan ƙarshe ba baƙon abu ba ne gare mu, kuma ba kowace faɗuwa ce ke nuna cewa mai horarwa bai iya ba.

Ku dubi Clemens Westerhof. A 1990 Aljeriya ta ci shi 5-1 a wasan buɗe gasa, ta sake cin sa 1-0 a wasan ƙarshe. A 1992 a Senegal na uku ya zo. Da a ce irin haƙurinmu na yau aka yi masa, da ba mu ga 1994 ba, shekarar da muka ci Zambiya 2-1 a Tunusiya muka ɗauki kofi, muka kuma je gasar duniya karon farko a Amurka. Shekara biyar aka ba shi.

Sannan ku dubi abin da gaggawa ta jawo mana kwanan nan. An kori koci Gernot Rohr a Disambar 2021, saura makonni kaɗan a fara gasa. Eguavoen ya karɓa, muka ci wasa uku a Garwa, har da Masar, muka yi ta murna cewa ƙwallo mai daɗi ta dawo. Sai Tunusiya ta fitar da mu da ci ɗaya, wata biyu bayan haka Gana ta hana mu zuwa Ƙatar a filin Abuja. Ina tsoron mu sake maimaita wannan, Malam Umaru. Ana saura wata huɗu mu kara da Afirka ta Kudu a neman gurbin gasar duniya, mu ɗauko sabon mutum wanda zai fara koyon sunayen yara.

Malam Umaru, Mabera

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Maganar Rohr gaskiya ce, lokacin korarsa bai yi ba, ko da yake shi ma ya bar mu da abin tunawa, domin a hannunsa Saliyo ta farke mana ƙwallo huɗu a birnin Benin bayan muna gaba 4-0, kuma a hannunsa Afirka ta Tsakiya ta ci mu a Legas. Amma ina roƙon Alhaji ya bar ni in rarrabe tsakanin Westerhof da Peseiro. An yi haƙuri da Westerhof ne saboda ana ganin gini yana tashi. A ƙasar nan yake zaune, yana yawon filaye yana kallon wasannin cikin gida, yana tsamo yara yana reno. Kowace shekara ƙungiyar ta fi ta bara. Shi kuwa Peseiro, tun da ya zo a watan Mayun 2022, wane gini za mu nuna?

Mu ɗauki wasannin neman shiga wannan gasa. Ana cewa mun ci ƙwallo 22 a wasa shida, lissafin kuma daidai ne. Sai dai 16 daga ciki a ragar Sao Tome suka shiga, 10-0 da 6-0. Sauran wasa huɗu ƙwallo shida ne, kuma a cikinsu akwai ranar da Gini Bisau ta zo Abuja ta ci mu 1-0 a watan Maris 2023. Fotugal ta ci mu 4-0 a wasan sada zumunta, wannan ba zan riƙe shi da shi ba. Amma abin da ba zan iya mantawa ba shi ne wasannin neman gurbin gasar duniya na Nuwambar 2023: Lesoto ta zo Uyo ta fara cin mu, sai da Ajayi ya farke, muka tashi 1-1, kwana uku bayan haka muka sake yin 1-1 da Zimbabuwe, nan ma mu ne muka farke. Maki biyu cikin shida a rukunin da na ɗaya kaɗai ke wucewa kai tsaye. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kuma ga inda hankalina ya fi tashi. Tsarin da ya kai mu wasan ƙarshe tsari ne na wanda ke jiran a kawo masa hari. Lesoto ba za ta kawo mana hari ba, Ruwanda ma haka, ƙasar Benin da Rohr ya koma horarwa ma haka. Za su koma baya su ce mu zo mu buɗe su, kuma wannan shi ne ainihin abin da Peseiro bai nuna ya iya ba cikin wata ashirin da ɗaya.

Malama Hadiza, Arkilla

Assalamu alaikum. Ina bin wannan muhawara tun safe, kuma bayanin Koci Nasiru ya taɓa ni saboda wani abu da ya faru a gidana. Ɗana mai shekara goma sha uku, bayan an tashi wasa, ya karɓi wayata yana so ya rubuta wa Iwobi baƙar magana kamar yadda ya ga wasu suna yi. Na karɓe wayar na tambaye shi me Iwobi ya yi masa. Ya ce ba ya kai ƙwallo gaba. Washegari muka ji cewa yaron ya goge hotunansa a Instagram saboda zagin da aka yi masa, har sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su bari. Na nuna wa ɗana wannan, ya yi shiru.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, idan ba a ɗora alhaki inda ya dace ba, kan wanda bai ji ba bai gani ba yake faɗawa. Iwobi ɗan wasan da ya saba taka leda kusa da 'yan gaba ne, aka ce ya koma baya ya yi aikin Ndidi, ya yi biyayya ya yi ta gudu har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya ba shi wannan aiki shi ya kamata a tambaya. Ni ban ce a kori kowa ba, amma ina so duk wanda zai zauna da Peseiro a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ya fara da wannan tambaya: tun da ka san Ndidi ba ya nan, me ya sa ka tafi gasar wasa bakwai da 'yan tsakiya ƙalilan haka, ka kuma ƙi hutar da biyun da kake da su?

Bashir, Minannata

Tun da Malama ta ambaci Ahmed Musa, bari in faɗi abin da ke cin mutane da yawa a nan arewa. Mutumin da ya fi kowa buga wa Najeriya wasa, wanda ya ci ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014 ya kuma ci biyu a ragar Aisland a 2018, an tafi da shi a matsayin kyaftin amma ko minti ɗaya ba a sa shi ba. A minti goman ƙarshe da muke neman farkewa, ba a ga amfanin gogewarsa ba?

Koci Nasiru, Gawon Nama

Malam Bashir, ina girmama Ahmed Musa kamar kowa, amma a nan ba zan ga laifin Peseiro ba. Matsalarmu a minti goman ƙarshe ba rashin mai gudu a gefe ba ce, ƙwallon ce ba ta isa gaba. Ko wa ka sa a can zai tsaya ne yana kallo kamar yadda Osimhen ya tsaya. Kuma kada mu bari maganar ta koma ta ɓangare. Zaidu Sanusi ɗan jihar Kebbi ne, maƙwabcinmu, kuma ya buga wasan ƙarshe daga farko. Alhassan Yusuf ɗan Kano ne, shi aka kira ya maye gurbin Ndidi. Abin da ya fi dacewa mu yi ƙorafi a kai shi ne cewa a cikin 'yan wasa 25 mutum ɗaya tak ne ke wasa a gasar cikin gida, shi ma mai tsaron gida na uku ne daga Enyimba. Marigayi Stephen Keshi ya tafi da shida a 2013, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Kwaddibuwa a zagayen 'yan takwas ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Yaran da nake horarwa suna zuwa filin Giginya su kalli wasa, kuma suna bukatar su ga cewa akwai hanya daga irin wannan fili zuwa rigar ƙasa.

Aminu, Runjin Sambo

Na ji dukkan hujjojin, amma akwai abu biyu da ba a saka a ma'auni ba. Na farko gajiya. Mun buga minti 120 da Afirka ta Kudu ranar Laraba, ga tashin hankalin da aka shiga lokacin da aka soke ƙwallon Osimhen aka koma baya aka ba su fenareti, sannan muka fito ranar Lahadi. Na biyu, a gidan Kwaddibuwa muke, filin Ebimpe cike da mutanensu, shugaban ƙasarsu yana zaune. Ƙungiyar da ta ga mutuwa ta dawo, wadda Ikwatoriyal Gini ta ci 4-0 har aka kori kocinta a tsakiyar gasa, ga kuma Haller da ya tashi daga jinyar ciwon daji. Akwai ranar da ko wane ne a benci ba zai hana abin da Allah ya rubuta ba.

Koci Nasiru, Gawon Nama

Babu mai jayayya da ƙaddara, Aminu, amma ƙaddara ba ta hana a binciki sababi. Batun gajiya kuwa, su sun fi mu shan wahala. Sun yi minti 120 da Senegal har bugun fenareti, sun sake yin minti 120 da Mali, kuma mafi yawan wannan wasa da mutum goma suka buga shi. Abin da ya sa suka fi mu kuzari a wasan ƙarshe shi ne ƙwallo tana ƙafarsu kusan kashi biyu cikin uku na lokacin, mu kuma muna bin ta. Mai bin ƙwallo shi ke gajiya. Saboda haka gajiyar ma ɗiyar tsarin ce.

Akwai kuma wani abu a tarihinsa da ya kamata a sani. A 2005 Peseiro ya kai Sporting wasan ƙarshe na kofin UEFA, kuma a filinsu na Lisbon aka buga. Suka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da CSKA Mosko da ci ɗaya, aka dawo aka zura musu uku. Ban ce wasa biyu da ke da tazarar shekara goma sha tara sun isa a yanke wa mutum hukunci ba, amma duk wanda zai ba shi sabon kwantiragi ya kamata ya lura cewa a manyan wasannin ƙarshe biyu na rayuwarsa ya shiga ɗakin hutu yana gaba, abokin karawarsa ya fi shi fitowa da shiri.

Sannan mu dubi Osimhen. Gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, wanda ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya ya kai Napoli ga kofi, ya ci goma a wasannin neman gurbi, ya tashi daga wannan gasa da ƙwallo ɗaya. Ba don bai yi ƙoƙari ba, kowa ya ga yadda ya ƙwace ƙwallo a ƙafar ɗan bayan Kamaru ya ba Lookman, kuma a kansa aka samu fenaretin da muka ci Kwaddibuwa. Amma a cikin ƙwallo takwas da muka ci a gasar, uku na Ekong ne, ɗan baya, biyu daga ciki fenareti, ɗaya kuma ɗan Gini Bisau ne ya ci gidansu. Ƙasar da ke da irin 'yan gabanmu ba ta kamata ta rayu a kan haka ba.

Alhaji Garba, Kanwuri

To, na ji, kuma ba zan ɓoye ba, hujjar Nasiru ta rage mini ƙarfin gwiwa a kan mutumin. Amma har yanzu ba ku amsa mini ba. Idan ya tafi, wa zai zo? Sallama ba ta da wuya. Kowa ya san yadda ake fama da biyan albashin masu horarwa a ƙasar nan, shi kansa Peseiro sai da ya yarda aka rage masa albashi kafin a tsawaita masa zuwa wannan gasa, ga kuma yadda dala ta tashi. Babban koci daga Turai ba zai zo a kan abin da za mu iya biya ba. Kada mu saki na hannu mu kama na guje. Malam Umaru, kai ka buɗe maganar, ka ba mu suna.

Malam Umaru, Mabera

Alhaji ya yi gaskiya, wanda ya ce a rushe ya kamata ya nuna abin da za a gina. Zan ba da suna biyu, kuma dukansu na gida ne. Emmanuel Amunike, wanda ya ci ƙwallo biyun nan na 1994 da Alhaji ya tuna mana, shi ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 da Osimhen da Chukwueze a hannunsa, sannan ya kai Tanzaniya gasar Afirka a 2019 bayan shekara 39 ba ta je ba. Na biyu Finidi George, wanda ya ɗauki kofin gasar cikin gida da Enyimba a 2023, kuma yana cikin mataimakan Peseiro, don haka ba zai fara koyon sunayen yara ba kamar yadda Alhaji ke tsoro. Na fi karkata ga Amunike saboda ya taɓa riƙe babbar ƙungiyar ƙasa shi kaɗai. Kowannensu yana da rauninsa, kuma idan za a ɗauko ɗan gida a riƙe masa albashi a riƙa aiko masa da sunayen 'yan wasa daga ofis, gara a bar Peseiro. Amma kofin da muka ɗauka na ƙarshe ɗan gida ne ya ɗauko shi, kuma wanda ya doke mu ranar Lahadi ɗan gidansu ne da aka miƙa wa ƙungiya a tsakiyar gasa.

Aminu, Runjin Sambo

Ni dai ina nan a kan cewa a ba shi wasa biyun watan Yuni, Afirka ta Kudu da Benin. Idan bai kawo maki huɗu ba, ni da kaina zan fara rubuta a nan cewa Malam ya fi ni gani.

Alhaji Garba, Kanwuri

Aminu, idan aka jira watan Yuni kuma aka rasa, an buga wasa huɗu cikin goma ke nan, gyaran ya yi nisa. Wannan ne ya sa na kasa tsayawa a gefe ɗaya. Ko a bar shi ko a sallame shi, abin da nake roƙon shugaban NFF Alhaji Ibrahim Gusau da mutanensa shi ne su yanke shawara kafin watan nan ya ƙare, kada a kai azumi ana cewa ana tattaunawa, a wayi gari da kocin riƙo. Nasiru, wace rana kake wannan atisayen na mutum uku da biyu? Ina so in kawo jikokina biyu su gani da idonsu, domin tun ranar Lahadi suke musu da ni a kan Iwobi.

Koci Nasiru, Gawon Nama

Ranar Asabar bayan sallar la'asar, Baba. Su zo da takalmansu, zan sa su a cikin biyun.